Wa ya tsayar da ranar? Nazari kan fitowar Cyberpunk 2077

Ɗan yayata yana shekarar ƙarshe a karatun manhajar kwamfuta, kuma tun yana ɗan firamare ba shi da burin da ya wuce ya ga sunansa a jerin waɗanda suka ƙera wasan bidiyo. Wani daren Alhamis muna zaune wajen mai tsire a Shari'a Mansur, nan Makka, ni da shi da wani abokinsa, sai abokin ya ɗauko zancen wasannin da ake zuba wa dukiya su fito a lalace. Bai ja magana ba, ya yanke hukunci: maƙeran wasa na yanzu ragwaye ne, albashi kawai suka iya ci. Ɗan yayata ya ajiye tsinken da ke hannunsa ya juyo gare ni.

"Kawu, kai ka yi aiki a ƙarƙashin mutane. In kaya suka fita a ɓace, laifin wa? Na mai hannu a aikin, ko na mai ofis?"

Na ce masa irin wannan tambaya ba a amsa ta a dunƙule, sai an ɗauki lamari guda an bi shi tun daga tushe. Na zaɓi Cyberpunk 2077 don dalili ɗaya. A yawancin wasanni, masu ƙerawa daban, mai zuba kuɗi ya fitar kasuwa daban, kowa kuma yana da wanda zai nuna wa yatsa. A nan gida ɗaya ne. CD Projekt na birnin Warso a ƙasar Folan shi ya ƙera, shi ya fitar, shi ya sa rana. Babu baƙon da za a ɗora wa jakar tsaba.

Kuma zancen ya shafe mu fiye da yadda ya shafe mu shekara goma da suka wuce. Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, ta hannun kamfanin Savvy, ya sayi kamfanin wasannin bidiyo Scopely kan dala biliyan 4.9 a 2023, a Satumba 2025 kuma aka sanar da cinikin EA, wani babban kamfanin wasannin, kan dala biliyan 55 da asusun a cikin masu saye. 'Ya'yanmu da ke karatun manhaja yau, wannan sana'a suke hange, a Riyad ko a wani wuri. Ina so ɗan yayata ya san gidan da yake shirin shiga.

Rana huɗu aka sa

An sanar da wasan a 2012. A farkon 2013 aka saki ɗan gajeren bidiyon talla, a ƙarshensa aka rubuta cewa zai fito idan ya kammala. Wannan alkawari ne ya zama tutar kamfanin, musamman bayan wasansu The Witcher 3 ya fito a 2015 ya ɗaga sunansu sama. A 2018 suka nuna minti 48 na wasan, duniya ta ɗauka. A bajekolin E3 na 2019 ɗan fim Keanu Reeves ya hau dandamali da kansa ya faɗi ranar: 16 ga Afrilu 2020.

Ranar ba ta tsaya ba. A Janairu 2020 aka ɗaga zuwa 17 ga Satumba, kuma a sanarwar kamfanin ya ce wasan ya kammala, ana iya buga shi, gyare-gyare ne suka rage. Aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba. A farkon Oktoba aka ce an rufe aiki an miƙa don buga faifai, sai ga shi ranar 27 ga watan an ƙara kwana 21, zuwa 10 ga Disamba. Dalilin da suka bayar shi ne suna gwada siga tara na wasan a lokaci guda, ga tsofaffin na'urorin wasa, ga sababbi, ga kwamfuta, ga Stadia, dandalin Google na lokacin na buga wasa ta intanet, kuma ma'aikata suna aiki daga gida saboda korona.

Abokin ɗan yayata ya ce to ai ka gani, har sau uku aka ƙara musu lokaci. Gaskiya ne an ƙara. Amma a duba girman ƙarin. Daga Afrilu zuwa Disamba wata takwas ne. Ɗan jarida Jason Schreier na Bloomberg ya tattauna da ma'aikata fiye da 20, na da da na lokacin, ya ruwaito a Janairu 2021 cewa aikin gadan-gadan bai fara ba sai ƙarshen 2016, kuma da aka faɗi ranar Afrilu 2020 akwai ma'aikatan da lissafinsu ya ba su 2022. Wanda yake buƙatar shekara biyu aka ba shi wata takwas, a gutsure kashi uku, bai samu lokaci ba. Ya ma fi wahala, domin kowane ƙarin ana ba shi ne a matsayin na ƙarshe. Ma'aikaci ba ya iya warware ɗinki ya sake daga farko in an ce masa saura mako uku. Faci zai yi ta ɗorawa kan faci.

Ƙofar da ta yi ƙanƙanta

Sai an fahimci abin da ya lalace kafin a raba laifi. Wasan birni ne guda, Night City, mai dogayen benaye da cunkoson mutane da motoci da fitilun talla. Na'ura ba ta iya riƙe birnin duka a ƙwaƙwalwarta. Yayin da kake tuƙi, wasan yana ɗebo gine-gine da fuskoki da motocin titin gaba daga faifan ajiya, yana zubar da na titin da ka bari. Dole kayan su riga ka isa. Tsofaffin na'urorin wasan, PlayStation 4 da Xbox One, na 2013 ne, ƙwaƙwalwarsu gigabait 8, faifansu kuma tsohon samfuri ne mai juyawa. A kwamfuta mai ƙarfi kayan suna isowa a kan kari. A tsofaffin na'urorin kai kake riga su, sai ka tarar da mutum ba fuska, bango ba fenti, hoto yana tsinkewa, wani lokaci wasan ya mutu gaba ɗaya. Marcin Iwiński, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, da bakinsa ya ce wannan ɗebo kaya daga faifai shi ne babbar matsalar.

Wannan bayani ya tuna mini da kicin. Ina saurayi na yi aikin mausim, wato lokacin Hajji, shekaru da dama a wani kamfanin dafa abincin alhazai, ba zan kama suna ba. Wata shekara mudir ɗinmu, wato manajan kamfanin, ya karɓi kwangilar da ta fi ƙarfin tukwanenmu. Babban kuku, dattijo ne da ya yi shekaru a kan wuta, ya same shi ya lissafa masa tukunya nawa muke da ita, awa nawa shinkafa take ɗauka, mota nawa za ta iya ratsa cunkoson Mina. Mudir ya ce za a iya, in sha Allah, a dage. Muka dage. Kwana biyu ban kwanta ba. Abincin wasu tantuna ya isa bayan la'asar, shinkafar wasu da sauran tsatsa a ciki. Yaran da suka ɗauki farantai su suka sha zagin alhazai, domin su ne fuskar da aka gani. Mudir yana ofis.

Amma akwai bambanci tsakanin lamarinmu da na Warso, kuma bambancin ya ƙara wa shugabanninsu nauyi. Ranar Arfa ba ta ɗaguwa. Abu ɗaya ne a hannun mudir ɗinmu, yawan farantai. Su kuwa duka biyun suna hannunsu, da ranar da yawan na'urorin. Suna iya cewa na kwamfuta ya fito a Disamba, na PlayStation 4 da Xbox One ya jira. Suna iya ɗaga komai zuwa baɗi. Mai rubuta manhaja ba shi da ikon ko ɗaya. Dalilin da bai bari an yi hakan ba ba ɓoyayye ba ne: PlayStation 4 tana hannun mutane fiye da miliyan 100, PlayStation 5 ta fito ne a Nuwamban shekarar kuma samunta sai mai rabo, ga lokacin cinikin Kirsimeti, ga mutum miliyan 8 sun biya kafin alƙalami. Kamfanin ya sanar cewa kuɗin waɗanda suka biya ta intanet tun kafin fitowa ya riga ya rufe abin da aka kashe wajen ƙerawa da talla.

Abin da ya fi damuna

Da kuskuren lissafi ne kawai, da na sassauta. Kowa yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa wata rana. Abin da ya hana ni sassautawa shi ne yadda aka tafiyar da labarin kafin fitowa.

A ƙarshen Nuwamba 2020, Adam Kiciński, shugaban kamfanin a lokacin, ya shaida wa masu hannun jari cewa wasan yana tafiya a tsofaffin na'urori da kyau har abin mamaki. 'Yan jaridar da aka ba wasan su yi sharhi kafin ya fito, na kwamfuta kaɗai aka ba su, kuma ba a yarda su nuna hoton da suka naɗa da kansu ba sai wanda kamfani ya bayar. Saboda haka yabon da ya cika duniya ranar 7 ga Disamba yabon wani abu ne daban da wanda mai PlayStation 4 zai kai gida. A Metacritic, shafin da ke tara makin masu sharhi cikin ɗari, na kwamfuta ya zauna a 86, na PlayStation 4 a 57. Wa ke yanke wa za a ba kaya ya gani, wa za a hana? Ba mai zanen mota ba ne, ba mai gwaji ba ne.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wasan ya fito 10 ga Disamba. Ranar 14 kamfanin ya ba da haƙuri kan rashin nuna sigar tsofaffin na'urori, ya ce mai son kuɗinsa ya nema. A ranar kuma Kiciński ya amsa a gaban masu hannun jari cewa shugabanni sun raina girman matsalolin, sun yi biris da alamun da ke nuna ana buƙatar ƙarin lokaci. Kalmar alamu ita na riƙe. Alama daga ƙasa take zuwa. Ma'ana akwai waɗanda suka faɗa, kamar yadda babban kukunmu ya faɗa. Ranar 17 ga watan Sony, mai PlayStation, ta cire wasan daga kantinta na intanet ta buɗe ƙofar mayar da kuɗi, abin da ba a saba gani ba ga wasa mai wannan girma, kuma bai koma ba sai 21 ga Yuni 2021. Cikin 'yan makonni hannun jarin kamfanin ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ranar 13 ga Janairu 2021 Iwiński ya fito a bidiyo ya ce shi da majalisar gudanarwa su ne masu yanke hukuncin ƙarshe, su suka ce a saki wasan, kada a zargi ma'aikata.

Ga kuma batun Asabar. A 2019 Iwiński ya shaida wa 'yan jarida cewa ba za a tilasta wa kowa aikin wuce lokaci ba. A ƙarshen Satumba 2020 shugaban sashen ƙira, Adam Badowski, ya aika wa ma'aikata saƙo cewa daga yanzu kwana shida za a riƙa yi a mako har wasa ya fita, ya kuma amsa cewa hakan ya saɓa wa abin da aka faɗa a baya. An biya su ladan ƙarin, kamar yadda dokar ƙasarsu ta tanada. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa ragwaye ne. Mutanen nan ne kuma, da aka yi ɗagawar ƙarshe, wasu suka riƙa aika musu barazanar kisa ta intanet. Har yau in na tuna wannan raina yana ɓaci. Mutum ya bar iyalinsa ranar hutu yana gyara abin da bai sa ranarsa ba, ya buɗe waya ya tarar ana yi masa barazana da ransa.

Daddawa ma da wari

Abokin ɗan yayata ba wawa ba ne, kuma akwai inda ya kama ni. Ya ce, "Kawu, 'yan sandan fa? Su ma majalisar gudanarwa ce ta rubuta su?"

Yana da gaskiya. A wasan da ya fito, in ka yi laifi 'yan sanda ba sa tahowa daga wani wuri, sai dai kawai su ɓullo a bayanka, ko kana kan rufin bene kai kaɗai. Ba sa bin ka da mota. Wannan har a kwamfuta mafi tsada haka yake, ba ruwansa da tsohon faifai. Akwai wani sashe mai walƙiyar fitilu da ya tayar wa wata 'yar jarida farfaɗiya tana cikin gwada wasan, sai daga baya aka sa gargaɗi aka sauya hasken. A kwamfuta, in fayil ɗin da ke ajiye ci gabanka ya wuce megabait 8 yana iya lalacewa, sai da aka fitar da gyara. Waɗannan aikin hannu ne, kuma wani ya kamata ya gani. Mu ma a waccan shekarar akwai tukunyar da gishiri ya yi wa yawa, kuma ba mudir ne ya zuba ba. Ba na cikin masu cewa ma'aikaci ba ya laifi. Wanda ya ce haka ya raina sana'ar, domin in ba a iya zarginka da mummunan aiki, ba a iya yabonka da kyakkyawa.

Sai dai da na bi zaren 'yan sandan nan, inda ya kai ni ya sa na gane tambayar tun farko an yanka ta ba daidai ba. Muna cewa masu ofis da masu aiki kamar ƙabila biyu ne. To Badowski fa? A lokacin shi ne daraktan wasan, shi ne shugaban sashen ƙira, kuma yana zaune a majalisar gudanarwar kamfanin. Rahoton Bloomberg ya ce da ya karɓi ragamar a 2016 an sauya manyan abubuwa, har da yadda mai wasa ke kallon duniyar, daga bayan jarumi zuwa ta idonsa. Rahoton ya ce ana gina injin wasan, wato manhajar da wasan ke tafiya a kanta, ana gina wasan a kansa lokaci guda, kuma ma'aikata sun haura 500, ninkin waɗanda suka yi The Witcher 3, ba tare da tsarin da zai ɗauki wannan yawa ba. Ya kuma ce abin da aka nuna a 2018 an shirya shi ne musamman don nuni, ya ci watannin da aikin gaske yake buƙata. Badowski ya fito ya musanta wasu daga cikin waɗannan, musamman batun nunin, ya ce haka aikin da ba a gama ba yake, kuma adalci ne a faɗi hakan. Amma ko an ɗauki maganarsa duka, wanda ya yanke faɗin birnin da yawan abin da za a cusa a ciki maƙeri ne kuma shugaba ne. 'Yan sandan da ke ɓullowa a baya irin abin da ake yi ne na wucin gadi, a ce za a dawo a gyara, sai rana ta cim ma mutane. Shaidata ita ce da aka samu lokaci, a gidan nan dai aka gyara su.

Don haka ni ga yadda na raba. Kuskuren da mutum ɗaya zai iya gyarawa a teburinsa cikin kwana biyu, nasa ne. Kuskuren da gyaransa yake buƙatar a ɗaga rana, ko a rage kaya, ko a faɗa wa mai saye gaskiya, na wanda ke da ikon yin waɗannan ne, ko ana kiransa darakta ko ana kiransa shugaba. A Cyberpunk 2077 kashi na biyun ne ya jawo Sony ta cire wasan. Babu wanda ake cire wa wasa daga kanti saboda 'yan sanda ba su iya tuƙi ba.

Ban ce kowane wasa haka yake ba. Wasan Concord na Sony ya fito 23 ga Agusta 2024 yana aiki lafiya lau, aka rufe shi 6 ga Satumba saboda mutane ba su zo ba. Can matsalar ta ɗanɗano ce da farashi, kuma rabon laifinsa zai bambanta.

Wa ya biya

Nan ne lissafin ya fi yi mini ciwo. Wasan ya sayar da kwafi miliyan 13.7 kafin 2020 ta ƙare, kamfanin ya ci ribar da ta haura zuloti biliyan 1 a kuɗin Folan, mafi girma a tarihinsa zuwa lokacin. Daga kason riba na shekarar, Iwiński da Kiciński kowannensu ya samu kimanin dala miliyan 6. Ma'aikata ma sun samu nasu kason, kuma shugabanni sun janye sharaɗin da suka sa tun farko cewa sai wasan ya kai maki 90 wajen masu sharhi, wannan abin a yaba ne. Masu hannun jarin da suka kai ƙara a Amurka cewa an ruɗe su, an sasanta da su kan dala miliyan 1.85, abin da bai kai sulusin kason mutum ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Gyaran kuma ya ci kusan shekara uku. Sigar sababbin na'urori ta fito a Fabrairu 2022. A Satumba 2023 aka saki babban gyara na 2.0 tare da ƙarin labari mai suna Phantom Liberty, aka sake tsarin 'yan sanda daga tushe, suka fara bin mutum da mota, masu sharhi suka yaba, ciniki ya haura miliyan 25. Ɗan yayata ya lura da abin da ni ban lura ba. Ya ce, "Kawu, ai kusan lissafin ma'aikatan ne ya fito. Sun ce 2022." Haka ne. Kuma 2.0 da Phantom Liberty ba su fito a PlayStation 4 da Xbox One ba sam. Hukuncin da aka ƙi yankewa a 2020 shi aka yanke daga baya, bayan an karɓi kuɗin masu waɗannan na'urori.

A Yuli 2023, wata biyu kafin fitowar Phantom Liberty, kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata kimanin 100, wajen kashi 9 cikin ɗari, ya ce sun yi yawa ga ayyukan da ke gaba. A Oktoba na shekarar ma'aikata suka kafa ƙungiyar ƙwadago ta masu ƙera wasanni a Folan.

Da na kai nan mai tsire ya fara kwashe gawayi. Abokin ɗan yayata bai sauka daga kan batun 'yan sanda ba, ya ce shi dai wanda ya rubuta su ya san bai yi daidai ba, kuma ban musa masa ba. Ɗan yayata ya yi shiru har muka kai bakin titi, sannan ya tambaye ni abin da ya faru da babban kukun nan namu. Na gaya masa da mausim ya zagayo ba a kira shi ba, aka kawo wani. Mudir kuwa ya sake samun kwangila.